Ka canja salansa, wa ya duba kabireta? Tarihin rabon iska da mai a cikin babur

 Yau zancen babur muka kawo muku, kuma abin da ya tayar da shi a bakin garejin unguwarmu ya faru.

Akwai wani yaro ɗan kabu-kabu da muka sani. Babur ɗin ba nashi ba ne, na wani ɗan kasuwa ne da yake kai wa kuɗi kowace yamma. Ya tara ƴan canjinsa ya sayi salansa irin mai ƙara, wadda in ya taso daga bakin kasuwa sai an ji shi a ƙarshen layi. Aka kwance ta kamfani aka jefa bayan ɗaki, aka ɗaura sabuwa, abokai suka yi ta yaba masa. Dama kafin nan ya sa an matse masa mai, don kwalba ɗaya ta ƙara nisa. Bai yi wata biyu ba, cikin zafin bazara, ɗauke da fasinja da buhu, injin ya yi tari ya mutu a hanyar ƙauye. Da aka turo shi gareji aka buɗe kan inji, buji ya fito fari fat kamar an shafa masa alli, supap ɗin da ke fitar da hayaƙi kuma gefensa ya cinye kamar gara ta taɓa shi. Tsohon makanikin ya juya shi a tafin hannu, ya dubi yaron ya ce: “Yaro, da ka canja mashi baya, wa ya duba mashi gaba?” Yaron ya ce: “Baba, ai salansa kaɗai na taɓa.” Tsohon ya ce: “To ita ce ta ci maka supap.” Kwana huɗu babur na jingine, mai shi kuma bai yafe kuɗin ko yini ɗaya ba.

Wannan tambaya ta tsohon makaniki ta girme shi, ta girmi ubansa. Shekara fiye da 130 ke nan masu ƙera inji suna fama da ita.

A 1885 ne wasu Jamusawa biyu, Gottlieb Daimler da Wilhelm Maybach, suka ɗora ƙaramin inji mai shan fetur a kan wani keken katako. Shi ake lissafawa a matsayin kakan babura. Matsalar da ta fi ci musu tuwo a ƙwarya ita ce yadda za a gauraya mai da iska kafin su shiga silinda, don fetur, isansi kamar yadda muke cewa, ba ya cin wuta yana ruwa, sai ya zama tururi ya haɗu da iska daidai gwargwado. Gwargwadon nan kuwa an auna shi: kilo 14.7 na iska ga kilo 1 na mai. In muka mai da shi lissafin kasuwa, lita ɗaya ta isansi tana buƙatar iska wajen lita 9,000 kafin ta ƙone sarai, wato kusan tano 45 irin na lita 200. Ashe dai babur iska ce abincinsa, mai ɗan gishiri ne a kai.

A 1893 Maybach ya fito da kabireta mai fesa mai ta ɗan ƙaramin rami, a wannan shekarar kuma wasu injiniyoyi biyu na ƙasar Hangari, Bánki da Csonka, suka yi rajistar irin tasu. Dabarar ta dogara ne ga abin da wani masani ɗan Italiya mai suna Venturi ya bayyana tun 1797: in iska ko ruwa ya bi ta matsattsen wuri, gudunsa na ƙaruwa, matsinsa na raguwa. Shi ya sa aka yi wa kabireta maƙogwaro matsattse. Iska na wucewa da gudu, sai ta tsotso mai daga ɗan kofin da ke ƙasa, ta cikin wani ɗan dunƙulen tagulla mai huda, wanda makanikai ke kira jet, waɗanda suka koyi aiki da Faransanci su ce jiklar. Ku kwance kabiretar babur ɗin da ke ƙofar gidanku yau, abin da za ku gani ke nan. Ba ta da ido, ba ta da lissafi. Ramin da aka huda mata a kamfani shi ta sani, an kuma huda shi ne bisa mataciyar iskar da ke gabanta da salansar da ke bayanta.

A farkon zamani ba wanda ya ɗauki salansa da muhimmanci. Bututu ne na kai hayaƙi baya da rage ƙara don kada dawaki su firgita a hanya. Wanda ya nuna wa duniya cewa bututun nan rabin inji ne, a wani ƙaramin gari yake zaune mai suna Zschopau, cikin tsaunukan Jamus ta Gabas.

Garin yana da tarihi. Nan ne gidan DKW, kamfanin da a ƙarshen shekarun 1920 ya fi kowa ƙera babura a duniya. Wani ƙaramin babur ɗinsu, RT 125, bayan Yaƙin Duniya na Biyu waɗanda suka ci yaƙi suka kwashi zanensa a madadin diyya: Ingila ta yi BSA Bantam da shi, Amurka ta yi ƙaramin Harley-Davidson, Rasha ta yi nata, har Yamaha ma babur ɗinta na farko a 1955 kwaikwayonsa ne. Masana'antar da ta rage a Zschopau ta koma hannun gwamnatin gurguzu, daga baya aka sa mata suna MZ. A 1953 aka damƙa sashen tserenta ga wani injiniya, Walter Kaaden, wanda lokacin yaƙi ya yi aiki a fannin makamai masu linzami. Kuɗi babu, kayan aiki kaɗan, abokan hamayya kuwa manyan kamfanonin Italiya ne, daga baya ga Honda ta shigo da ƙarfinta.

Injin da ke hannunsa mai bugu biyu ne, irin wanda ake gauraya wa isansi da baƙin mai. Dattawanmu sun san shi sarai, shi ne cikin mobilet da Vespa da DT ɗin ma'aikatan gona, mai shuɗin hayaƙi da ƙara kamar ta zuma. Irin wannan inji ba shi da supap. Ramuka ne a jikin silinda, fistan na buɗe su yana rufewa. Aibinsa shi ne, lokacin da sabon mai ke shiga, ƙofar hayaƙi tana buɗe, sai wani kaso na man ya bi hayaƙi ya fice bai ƙone ba. Wani injiniyan DKW, Erich Wolf, ya riga ya fara gwada salansa mai kumburarren ciki a farkon shekarun 1950, amma Kaaden ne ya zauna ya bi abin har gindinsa. Ya gane cewa duk lokacin da ƙofar hayaƙi ta buɗe, akwai bugun iska da ke fita da gudun sauti. In bututu ya buɗe a hankali kamar kakaki, bugun nan sai ya jawo abin da ke cikin silinda, ya share ta. In kuma bututun ya sake tsukewa daga baya, bugun sai ya dawo kamar amsa-kuwwa a cikin rijiya, ya tura sabon man da ya tsere ya mai da shi ciki daidai lokacin da fistan zai rufe ƙofa. Babu wani ƙarfe mai motsi a ciki, tsawo da faɗin gwangwani ne kawai ke wannan aiki.

Sakamakon ya ba kowa mamaki. A 1954 injinsa na 125 yana ba da ƙarfin doki 13. A 1961 ya kai 25, wato doki 200 a kowace lita ta girman inji, abin da ba a taɓa gani ba a injin da ba a sa masa na'urar hura iska ba. Ku kwatanta: 125 ɗin da ƴan kabu-kabu ke hawa yau bai wuce doki 10 ko 11 ba. Amma ƙarfin nan da sharaɗinsa ya zo. Duk sanda aka taɓa tsawon salansa, ko da ɗan yatsa ne, sai an koma kan kabireta an sake jet, domin abin da silinda ke haɗiya ya canja. In man ya yi kaɗan, fistan ya yi zafi ya kumbura ya kama jikin silinda, ƙafar baya ta daskare ana tsakar gudu. Shi ya sa mahayan tsere na wancan zamani ba sa ɗauke yatsu daga kan kulos. A wurinsu kuskuren lamba ɗaya a jet yana iya zama karaya ko makara.

Babban mahayin MZ shi ne Ernst Degner, wanda kuma makaniki ne da ya san sirrin gidan ciki da bai. A watan Agusta na 1961 aka fara gina katangar Berlin. A watan Satumba, Degner na kan gaba a gasar duniya ta 125, aka je tseren Suwidin. Injinsa ya lalace tun farkon tsere, har yau ana gardama ko ganganci ne. A daren nan ya sulale ya nufi Jamus ta Yamma, inda matarsa da ƴaƴansa suka riga shi isa, an fitar da su a ɓoye cikin but ɗin mota. Hukumar wasanni ta ƙasarsa ta sa aka dakatar da lasisinsa, bai yi tseren ƙarshe a Ajantina ba, kofin ya faɗa hannun Tom Phillis na Honda. Kafin shekara ta ƙare Degner yana Hamamatsu, hedkwatar Suzuki a Japan. A 1962 ya ci wa Suzuki kofin duniya na farko a rukunin 50, a 1963 kuma Hugh Anderson ya ɗauko musu na 50 da na 125 gaba ɗaya. Har yau akwai kwana a filin tseren Suzuka da ake kira da sunan Degner. Kaaden kuwa bai taɓa ɗaga kofin duniya na wannan gasa ba. A ganinmu an cuce shi, ko da yake wanda ya san yadda rayuwa take a bayan waccan katanga ba zai yi saurin zagin Degner ba.

Kada ku ce wannan labarin Turawa ne da bai shafe mu ba. Gidan Suzuki da ya koyi bugu biyu ta wannan hanya shi ne daga baya ya fito da AX100, kamfanin Jincheng na birnin Nanjin a Sin ya ƙera shi da fasaharsu, aka yi ta shigo da shi Najeriya, daga can ya tsallako mana ta Jibiya da Maigatari da Illela. Wanda duk ya taɓa huda salansar Jincheng don ta yi ƙara, ya ga babur ya rasa ƙarfin hawa tudu, to da ilimin Kaaden ya yi karo bai sani ba.

Injin da ya fi yawa a titunanmu yanzu mai bugu huɗu ne, mai supap, wanda baƙin mansa ke zaune daban a ƙasa. Shi ma salansa na da ta cewa a cikinsa, ko da yake ba kamar a bugu biyu ba. Akwai ɗan lokaci ƙanƙani da supap ɗin shiga da na fita suke buɗe tare, a nan ne bugun da ke cikin bututu yake iya taimakawa wajen jawo sabuwar iska, ko kuma ya tura hayaƙi baya ya ɓata lissafi. Wanda ya mai da wannan sana'a shi ne wani Bajapane, Hideo Yoshimura, tsohon makanikin jiragen sama, wanda tun 1954 yake gyara wa sojojin Amurka da ke Japan baburansu don su ƙara gudu. Da Honda ta fito da CB750 mai silinda huɗu a 1969, Yoshimura ya haɗe bututu huɗun suka zama ɗaya, nauyi ya ragu, ƙarfi ya ƙaru. A 1978 ƙungiyarsa ta ci tseren awa 8 na farko a Suzuka da babur ɗin Suzuki. Daga irin waɗannan mutane ne kasuwar salansar saye ta taso, har ta kai ga su Akrapovič na ƙasar Sulobeniya a farkon shekarun 1990. Sunayen nan kuna ganinsu a manne jikin gwangwanayen da ake rataye wa a shagunan kayan babur, galibi sunan ne kawai ya iso nan, asalin kayan yana can. Abin da ba ya zuwa tare da sitikar shi ne sake daidaita kabireta bayan an ɗaura bututu.

Sai kuma dokokin hayaƙi suka shigo suka ƙara tsuke lamarin. Amurka ta fara sa wa babura ƙa'idar hayaƙi daga 1978. Turai ta bi da nata matakai, na farko a 1999, na uku a 2006, na biyar a 2020. Hanya mafi araha ga kamfani ta cika doka ita ce ya rage man da kabireta ke bayarwa, musamman a ƙaramar wuta. Har ta kai baburan da ake sayarwa a Amurka ana toshe kan sukurun daidaita mai da ɗan murfin tagulla don kada mai shi ya taɓa. To babur ɗin da ya fito daga kamfani dama a bakin iyaka yake, kana buɗe masa baya sai ya faɗa ramin ƙishirwa. Wannan ne ya buɗe wa kamfanin Dynojet na Amurka kasuwa: ƴar leda ce da jet biyu ko uku, da allura, da takardar bayani, ana sayar da ita ga duk wanda ya sayi sabuwar salansa. A can, a wancan zamani, salansa da ƴar ledar nan tare ake lissafa kuɗinsu. A nan rabin farko kawai muka ɗauka.

Mu dawo gida. Yawancin 125 da 150 na Sin da ke hannunmu zuriyar Honda CG125 ne, wanda aka fitar a 1975. Injiniyoyin Honda sun zagaya ƙasashe masu tasowa sun ga yadda ake wa babur lodi ba a canja masa baƙin mai kan lokaci, sai suka zana inji mai haƙuri takanas don irin wannan riƙo. Haƙurinsa ne ke ruɗin mu. Yana jure abin da wani inji ba zai jure ba, har mutum ya ɗauka ba abin da ya same shi. Amma ba shi da ruwan sanyaya jiki, iskar hanya ce kaɗai ke fifita shi, sai kuma man da ke shiga cikinsa. Wannan shi ne abin da mai neman a matse masa mai bai sani ba: ɗan ƙarin man nan da yake gani kamar asara, shi ke sanyaya kan fistan da bakin supap. Inji ya fi ba da ƙarfi ne ma idan man ya ɗan haura ma'auni, wajen kilo 13 na iska ga 1 na mai. In ya yi ƙasa, cakuɗin yana ƙonewa a hankali, wutar ba ta gama ci ba supap ɗin fita ya buɗe, sai ta riƙa lasar gefensa sau dubbai a kowane minti.

Mun fahimci dalilin matse mai, ba raini muke wa kowa ba. Matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011, amma shekara da shekaru kudancin ƙasar nan da man kwalba na Najeriya yake tafiya saboda arha. Da aka cire tallafin mai a can ranar 29 ga Mayu 2023, kowane ɗan kabu-kabu ya ji a aljihunsa. Mutum ya nemi kwalba ta kai shi nesa ba laifi ba ne. Haɗa matsin mai da buɗaɗɗiyar salansa, wani ma har ya cire soson mataciyar iska wai don inji ya shaƙa, shi ne tara wa inji ƙishirwa uku lokaci guda. Cire soson nan kuwa a ƙasar da ƙura ke tashi wata huɗu, kamar zuba wa silinda yashi ne da cokali.

Yanayinmu ma yana da hannu a ciki. Iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi. Tsakanin asubahin hunturu mai digiri 15 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 45, bambancin ya kai kusan kashi 10 cikin 100. Kabireta ba ta san wannan ba. Babur ɗin da aka daidaita da rana tsaka a bazara, aka matse shi iyakar matsewa, in sanyi ya sauko sai ya riƙa tari da safe yana ƙin karɓar wuta, mai shi ya yi ta zagin mai kwalba, alhali iskar ce ta ƙaru man bai ƙaru ba.

Wani zance da muke yawan ji a gareji shi ne wai inji yana son a ɗan toshe masa baya. Ba toshiya yake so ba. Abin da yake so shi ne hayaƙi ya fita da gudu, bugun ya dawo kan lokaci. Bututu mai faɗi da yawa a kan ƙaramin inji yana rage gudun hayaƙin, sai ƙarfin tashi da na hawa tudu ya ragu, wanda kuma shi ne ƙarfin da mai ɗaukar fasinja da buhu yake ci da shi. Ƙara ta ninka, kunne ya ce gudu ya ƙaru, agogo kuwa bai shaida ba. Gaskiya kuma ba kowace salansa ke hargitsa ma'auni ba. In tulun baya kaɗai aka canja, mai matsakaicin rami, wani lokaci ɗan juya sukuru ya isa. In an canja bututun tun daga bakin inji, ko an fasa cikin tulun an zubar da duk abin da ke ciki, to nan sai an zauna. Yakan ma faru a wani matakin wuta man ya yi kaɗan, a wani ya yi yawa, duk a babur ɗaya.

Makanikin kirki yana da hanyarsa, ba ta kuma canja ba tun zamanin su Kaaden. Kafin ya taɓa kabireta sai ya tabbatar babu inda iska ke satar shiga, a bakin bututu ko a robar da ke tsakanin kabireta da inji, don fashe-fashen nan na “tas-tas” in an saki wuta wani lokaci daga nan suke. Sannan ya tuna cewa kabireta gida uku ce. Daga tsaye zuwa rubu'in wuta, ƙaramin jet da sukurunsa ke aiki. Sukurun nan in yana ɓangaren inji, na mai ne, kwance shi ƙara mai ne. In yana ɓangaren mataciyar iska, na iska ne, kwance shi rage mai ne. Yara masu koyo da yawa a nan suke juya abu baibai. Daga rubu'i zuwa kashi uku cikin huɗu, inda ɗan kabu-kabu ke wuni, allura ce ke mulki. Tana da ƴan tsagogi a kanta da ɗan zobe, in aka saukar da zoben tsagi ɗaya, allurar ta ɗaga, mai ya ƙaru. Sai cikakkiyar wuta, wadda ke hannun babban jet. Shi ana hawa ne lamba ɗaya bayan ɗaya, a gwada a hanya, a dawo. A irin kabiretar Keihin da kwaikwayonta, lambar da ke jikin jet tana nuna faɗin ramin ne, 100 kusan milimita ɗaya ke nan, kun ga tsakanin lamba da lamba bai kai kaurin gashi ba. Shi ya sa muke jin tsoro in muka ga an ɗauko waya ko allurar ɗinki ana sakace ramin wai a faɗaɗa shi. Ramin da aka faɗaɗa da hannu ba ya komawa, ba kuma wanda ya san lambarsa.

Alƙalin duka shi ne buji, fulogi in ji maƙwabtanmu. A sa sabo, a yi tafiya mai ɗan nisa a matakin wutar da ake son aunawa, a kama kulos a kashe inji nan take ba tare da an bar shi yana ruri a tsaye ba, a kwance a duba. Fari fat, ƙishirwa ce. Baƙi mai kunkunniya da warin mai, ƙoshi ya yi yawa. Abin nema shi ne kalar shayi da madara. Bututu ma yana magana: in wuyansa kusa da inji ya rikiɗe ya yi shuɗi cikin ƴan kwanaki, kada a ɗauka ado ne.

Duk wannan ilimi na sukuru da allura yana da wa'adi. Tun 1976 kamfanin Bosch ya fito da wata ƴar na'ura da ake ɗaurawa a bututu tana shinshina hayaƙi, tana gaya wa kwamfuta ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan, aka fara sa ta a motocin Volvo. A 1980 Kawasaki ta sayar da babur mai fesa mai ta hanyar lantarki, babu kabireta. An ɗauki shekaru abin na manyan babura ne kawai. Amma daga 1 ga Afrilu 2020 Indiya ta shiga sabuwar dokar hayaƙi da ta sa kusan duk baburan da ake sayarwa a cikin ƙasar suka koma feshi, Sin ma ta tsaurara tata. Masu kabireta da ake ci gaba da turo mana, don kasuwa irin tamu ake ƙera su. Ranar da masana'antun suka ga layi biyu ya yi musu tsada, mai feshi za su turo, wasu ma sun fara shigowa.

A irin wannan babur babu jet da za a canja. Akwai jadawali a cikin ƙwaƙwalwar kwamfuta da ke cewa a wuta kaza da juyin inji kaza, a fesa mai kaza. Na'urar shinshina tana gyara ƙaramin bambanci in ana tafiya a hankali, amma in an murɗe wuta duka, jadawalin kamfani ake bi, wanda aka rubuta don salansar kamfani. Tsohuwar matsalar ce ta dawo cikin sabuwar riga. Dynojet ɗin nan ta koma sayar da wani ɗan akwati, Power Commander, da ake sargafawa tsakanin kwamfuta da mai fesawa, wasu kuma su sake rubuta jadawalin gaba ɗaya. Hukumomi ba su zuba ido ba: a 2016 Harley-Davidson ta amince ta biya tarar dala miliyan 12 ga gwamnatin Amurka saboda ta sayar da irin waɗannan na'urori wajen 340,000 da ke sa babura su wuce ƙa'idar hayaƙi. Akwai kuma wata gaggawa da za mu fara gani nan gaba kaɗan: salansar da ake sayarwa a kasuwa ba ta da ramin da za a ɗaura na'urar shinshinar, sai yaro ya yanke wayar ya naɗe da leda, fitila ta kama a kan agogo, kwamfuta ta koma zato.

Mun koma garejin nan makon jiya. Yaron ya tono tsohuwar salansar daga bayan ɗaki an mayar masa, mai ƙarar kuma tana rataye a reshen dogon yaro, wani abokinsa na ciniki. Maƙwabtan layin, musamman masu jarirai, ba su yi kewarta ba. Muna zaune aka turo wani sabon babur mai feshi da ya ƙi tashi. Tsohon ya zagaya shi sau biyu, ya durƙusa ya leƙa inda kabireta ta saba zama, ya ga wayoyi. Ya mai da sukundireba aljihu, ya kira ƙaramin cikin yaransa, wanda ya yi lakwal har aji na uku a kwaleji, ya ce: “Kai, zo da wayar taka, ka bincika muna mi fitilar ga ke nufi in ta ƙifta sau biyar.”